Murhun da Matan Dogo Nini Suka Ƙi Hurawa

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Laraba na tarar da kaza kwance a cikin murhun da na gina. Na riƙe lokacin ne saboda sai da na duba agogon hannuna a zaure kafin in yi sallama, gudun kada in faɗa wa mutane suna karin kumallo. Gidan Hajiya Kaltume ne a unguwar Dogo Nini. Murhun kuwa na laka ne mai baki biyu, irin mai cin itace kaɗan, ni na auna shi, ni na shafe shi da tafin hannuna. Kazar ta dube ni, na dube ta. Har ƙwai ta tara a ciki. Daga gefe ga duwatsun nan uku sun koma mazauninsu, an cusa musu itace ta kowace kafa, wuta tana lasar gefen tukunya tana tashi a banza, hayaƙi ya cika madafin.

Yagana, matar babban ɗan Hajiya, ita ce a bakin tukunyar. Da ta gan ni sai ta miƙe da sauri ta tsaya tsakanina da kazar.

"Malama Hajara! Sannu da zuwa. Ai da kin aiko kina tafe."

Na so in ce, da sai a kori kazar ko? Amma a lokacin ban iya irin wannan magana ba. Na gaishe ta, na tambayi yara, sannan na ce, "Yaya murhun?"

"Lafiya lau wallahi. Yana da kyau ƙwarai. Yau ne dai kawai muka ce bari mu ɗan..." Ta bar maganar a nan, ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Na san kaza ba za ta tara ƙwai a inda aka hura wuta jiya ba. Na yi mata sai an jima na fito.

Na fara da wannan ne saboda ku da kuke zuwa koyo wurina yanzu. Kusan kowace ɗayarku, ranar farko, sai ta kalli murhu ta ce, "Anti, ai laka ce kawai, a mako ɗaya zan iya." Wata ma da sabon lalle take zuwa. To laka ce, ban musa ba. Amma ga yadda na koye ta, ga kuma shekarar da ta kusa kuɓuce mini.

Ni ba gadon sana'ar na yi ba. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, a gidanmu da risho ake girki. Ina karatun malanta a kwaleji lokacin da gari ya rikice, aka rufe makarantu, aka sa dokar hana fita, aka hana hawa babur. Na dawo gida ina maimaita littattafan da na riga na karanta. Akwai ɗaya na darasin ƙasa da yanayi da ya yi bayanin yadda hayaƙin abubuwan da ake ƙonawa a duniya ke taruwa sama yana riƙe zafi, damina tana jinkiri, in ta zo kuma ta zo da ɓarna. Can baya akwai zanen wani murhu da ke tsare wuta a ƙarƙashin tukunya, ba ya barinta ta watse. Abin da littafin ke faɗa kuwa ina ganinsa a titi. Motocin itace suna shigowa ta hanyar Damagum a danƙare, tsofaffi suna cewa a zamaninsu daga bayan gari ake yo itace a dawo kafin azahar, yanzu sai mota ta yi nisa. Ban da ikon gyara duniya. Amma na ga murhu yana cikin kowane gida, kuma safe da rana da dare ana hura shi. Na gwada gina ɗaya a bayan ɗakinmu, ya tsattsage kafin ya bushe. Mahaifiyata ta ce in ina so da gaske in je wurin Iya Gambo.

Iya Gambo maginiyar tukwane ce, 'yar ƙabilar Ngizim, Hausarta a kasuwa ta koya, don haka "kai" take ce wa kowa, mace ko namiji. Wurin aikinta gindin wata tsohuwar darbejiya ne a ƙofar gidan Hajiya Kaltume. Hajiya ta ba ta wurin tun da daɗewa, ba haya ba komai. Ku riƙe wannan, domin ita ce ƙa'idar farko: ɗanyar laka ba ta son rana. In ta bushe da sauri waje ya riga ciki, sai ta tsage. A inuwa take bushewa, a hankali, iska tana ratsa ta. A unguwar nan kaf babu inuwa irin ta darbejiyar nan, ta rufe ƙofar gidan da rabin layin. Ba don ita ba da ba mu da wurin shanya ko kasko ɗaya.

Na nuna wa Iya Gambo zanen. Ta juya shi sama ta juya shi ƙasa ta miƙo mini.

"Kai 'yar boko, ni tukunya na sani. Wannan abu naka mai rami-rami kai ka san shi. Ni in ba ka laka, kai ka ba shi hankali. Cire agogo, ɗauki rariya."

Aikina na farko tankaɗe ne, kuma na daɗe a kansa. Yumɓu daga kududdufin bayan unguwa ake haƙo shi, a shanya, a daka, a tankaɗe, domin tsakuwa ɗaya kamar ƙwayar gero in ta shige ciki, ranar da wuta ta kama wurin nan ne zai fashe. Sai ƙasar suri, wadda gara ta riga ta tace mana. Sai ƙaiƙayin gero da busasshen kashin jaki. Su ne idan wuta ta cinye su suke barin 'yan kafofi a jikin lakar, murhun ya riƙe zafi a ciki maimakon ya shanye shi. A zuba ruwa a rufe da buhu ta kwana biyu tana jiƙa, sannan a taka da ƙafa. Da ƙafa, ba da fartanya ba. Tafin ƙafa ne yake jin ƙullutun da ido bai gani ba. In kina son ki san ta yi, ki murza ta kamar igiya ki naɗe a yatsa. Ta tsinke, yumɓu ya yi kaɗan. Ta manne miki ta ƙi saki, ƙara ƙaiƙayi.

Kayan aikin ba su cika kwando ba. Rariya, fartanya, tsohuwar wuƙa, tsumma, wani sumul ɗin dutse na goge jiki, igiyar awo, da babban gwangwanin tumatir da muke ginawa a kai don ramin wuta ya fita daidai. Cikin murhun, wato wurin da wuta ke zama, shi muke ƙerawa a gindin bishiya, mu shanya, mu gasa da kara da kashin shanu. Sai mu kai shi gidan mai shi mu gina masa jiki da ɗanyar laka. Kuma ba a gina murhu sai an ga tukunyar gidan. Tsakanin tukunya da bangon murhu faɗin ɗan yatsa ake bari. Ya fi haka, zafi ya gudu. Ya gaza haka, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya dawo wa mai girki a ido.

Murhun farko da aka saya a hannuna na Inna Hansai ne, mai tuwo-tuwo a bakin kasuwa. Na yi shi siriri mai kyan gani kamar na zanen. Ruwa ya tafasa da ɗan itacen da bai kai rabin nata na kullum ba, har tana ta salati. Sai aka zo tuƙi. Ta kafa ƙafa, ta riƙe muciya hannu biyu ta danna. A juyi na uku bakin murhun ya ɓare, tukunya ta karkace, Allah ya tsare ba ta ƙone ba.

"Ke 'yar nan," ta ce, "wanda ya zana miki wannan abin, ya taɓa cin tuwo kuwa?"

Daga ranar muka faɗaɗa gindi, muka sa tukunya ta nutse har ƙugunta, muka bar ɗan tudu a gaba inda mai tuƙi za ta dafa ƙafa. Na sake wa Inna Hansai nata, shi ta yi ta amfani da shi har ta bar sana'a.

Wata rana kuma na ɗauko cikin murhu guda biyu a keke napep, na naɗe su da buhu don kada su gogu. A shingen bincike aka sauke mu kamar yadda aka saba, hannuwa a sama. Wani soja ya ga ƙunshi zagayayye mai nauyi a ƙarƙashin kujera, ya ja da baya ya daka tsawa. Mutane suka watse. Mai napep ɗin ne yake ta cewa, "Oga, murhu ne, na girki ne!" Aka sa ni na kwance buhun da hannuna, kowa ya yi nesa. Da abin ya bayyana sai aka yi dariyar da ba ta da daɗi, aka ce mu wuce. Tun daga nan ban ƙara rufe kayana ba. A baro nake turawa a fili, kowa ya gani. Abin ya zame mini talla, ana tsayar da ni a hanya ana tambaya.

Madam Ngozi ta haka ta same ni. Tana sayar da shinkafa da miya kusa da tasha. 'Yan'uwanta da yawa sun tattara sun koma kudu, ita ta ce a nan ta haifi 'ya'yanta, ba inda za ta. Na gina mata mai baki uku. Bayan ɗan lokaci na koma dubawa, ta hango ni tun daga nesa.

"Malama Hayaƙi! Zo ka ci abinci, ba kuɗi. Duba idona, ya daina ja. Mai itace yana fushi da ni, ya ce na yi sabon miji."

Ita ta raɗa mini sunan nan, Malama Hayaƙi, saboda duk inda na je sai na yi bayanin hayaƙi da zafin duniya, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Ta hanyarta masu ƙosai da masu shayi da masu waina suka san ni. A wurinsu murhun bai taɓa ba ni kunya ba. Sai na ga lokaci ya yi da zan shiga gidaje, domin can ne itacen yake ƙarewa. Na fara da gidan Hajiya Kaltume, sai maƙwabta suka biyo.

Shekarar da na ga kazar nan ita ce mummunar shekara. Daji ya gagari masu yin itace. 'Yan bindiga sun tare wasu, wasu ba su dawo ba, motocin suka ragu har suka kusa ɗaukewa. Gawayi ma daga dajin yake zuwa, shi ma ya yi wuya. Ga baƙi sun cika gari, mutanen ƙauyukan da aka tasa, kowane gida da nasa. A gidan Hajiya har zaure an shimfiɗa tabarmi, tukunyar da ake ɗorawa ranar suna ita ake ɗorawa kullum. Sai mutane suka juya kan bishiyoyin cikin gari. Da safe ki wuce layi da inuwarsa, da yamma ki dawo ki tarar da kututture.

A irin wannan shekara ya kamata a ce ana layi a wurina. Amma da na fito daga gidan Hajiya ranar Larabar nan, sai na bi gidajen da na yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na aika ina tafe ba. A wani gidan an kife kwanuka a kan murhun. A wani an zuba albasa a ciki. A wani yara sun mai da shi kujera. Ko'ina duwatsu uku sun dawo. Kuma ko'ina amsa ɗaya ce.

"Yana da kyau, Malama. Allah ya yi albarka."

"To me ya sa ba a hura shi?"

"Ana hurawa mana. Yau ne dai."

Na koma na gaya wa Iya Gambo. Ta ce ita ta daɗe da barin girki, jikokinta ke kawo mata abinci, ba ta san abin da matan yanzu ke so ba. "Lakar dai bai tsage ba ko?" Na ce ko ɗaya. Ta ce, "To nawa ya fita. Saura naka."

Na yi zaton saurin girki ne, na ƙara faɗin ƙofar iska a gida biyu. Shiru. Na yi zaton faskara itace ƙanana ne ke ba su wuya, na buɗe ƙofar itacen. Shiru. Na ce to bari in zauna in kalli girki daga farko har ƙarshe da idona. Na je gidan Hajiya tun da hantsi na ce yau a nan zan yini. Yagana ta share murhuna tsaf, ta hura shi, ta yi dambu a kai, ta zuba mini a kwano mai kyau. Komai ya tafi daidai. Sauran matan gidan suna wucewa suna cewa, "Kai, murhun Malama akwai sauri." Kara suke yi mini. Muddin ina wurin ba zan ga komai ba sai abin da zai faranta mini.

Ana cikin haka wata safiya na iso wurin aiki na tarar da Alhaji Musa, mijin Yagana, tsaye a gindin darbejiya tare da wani mai faskare. Mutumin yana zagaya bishiyar yana bubbuga ta da ƙotar gatari, yana duban inda za ta faɗi. Iya Gambo tana zaune tana goge tulu, ba ta ɗaga kai ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Alhaji, lafiya?"

"Lafiya, Malama. Sai dai ku fara neman inda za ku mai da kayanku. Asabar za a sare ta."

"Alhaji, ita ce inuwarmu. In babu ita babu aikin."

"Na sani. Ni ma a gindinta na yi wasan ƙasa." Ya nuna zauren da hannu. "Amma kin ga mutanen da ke cikin gidan nan. Ba zan tura kowa daji ba, kuma ba zan ba su ɗanyen gero ba. Wannan in aka faskara ta za ta kai mu wani wuri."

"In da ana hura murhun da na gina, itacen da kake saye zai isa."

"Haka kika ce mini tun farko, na yarda, na sa aka gina. To ga shi nan. Ni ban san abin da ke tsakaninki da su ba, madafi ba wurina ba ne. In Hajiya ta ce a bari, na bari. Gidanta ne."

Ba zan ce ya yi rashin adalci ba. Gaskiyarsa ya faɗa.

Hajiya Kaltume tsohuwa ce mai barkwanci, ƙawar kakata ce, don haka ba ta rage mini komai. Na taɓa yi mata bayanin hayaƙi tun lokacin ginin, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, "Wato hayaƙin tuwona ne ya hana ruwan sama?" Na ce mata naki da nawa ɗan kaɗan ne, na masu manyan masana'antu a ƙasashen waje ya fi yawa nesa ba kusa ba, amma bishiyar da ake sarewa don tuwon tamu ce, kuma idon da hayaƙin ke shiga naki ne. Ta ce, "To, wannan na biyun na gane."

Na je mata ranar da na ga mai gatarin. Ta ce in dawo, tana da baƙi. Na koma washegari, ta tambaye ni lafiyar kakata da ciwon ƙafarta har aka kira la'asar. Na sake komawa, da na kawo maganar murhu sai ta ce, "Ai yana da kyau, 'yar nan," ta aika a kawo mini kunu.

Ranar Asabar da hantsi mai gatarin ya iso da igiya da abokin aikinsa. Iya Gambo ta fara kwashe ɗanyun tukwanenta tana jerawa a jikin katanga, inda rana za ta same su kafin azahar. Ni ban taɓa kayana ba. Na wanke ƙafafuna na shiga gidan, na wuce madafi na wuce kowa, na yi sallama a ɗakin Hajiya. Tana zaune a kan darduma, Yagana da wasu mata biyu suna tsince shinkafa a gefenta. Na zauna a bakin ƙofa na gaishe ta.

"Malama Hayaƙi, yau kuma da wane wa'azin?"

"Hajiya, ba wa'azi. Tambaya ce. Kuma yau ba zan tashi ba sai an ba ni amsa."

Matan suka kalli juna. Ni kaina na ji muryata kamar ta wata.

"Iye! Ashe kina da baki?"

"Hajiya, masu abincin sayarwa duk suna hura murhuna. Gidajen aure ne kawai aka ƙi. An ce mini yana da kyau har na gaji da ji. In akwai abin da ya rasa a gaya mini. In na iya in gyara, in ban iya ba in kwashe kayana da kaina, a sare bishiyar ina kallo."

Daga waje ana jin mutumin yana wasa gatari a kan dutse. Hajiya ta dube ni, sannan ta juya wurin matan.

"Ku ba mu wuri."

Suka fita suna ƙunshe dariya. Ta ce in matso, na matsa.

"Kin san abin da ya sa ba wadda ta gaya miki? Budurwa ce ke, 'yar mutunci, ko ido ba kya haɗawa da mutane. Wace matar aure ce za ta zauna ta yi miki zancen ɗakinta? Ni kuwa na tsufa, kunyata ta ƙare. Murhunki yana dafa abinci, ba ƙarya. Amma in an sauke tukunya me yake bari?"

"Toka," na ce. Abin da nake alfahari da shi ke nan, yana cinye itace tas.

"Toka. To da toka za a yi turare? Ke a gidanku risho kuka sani. Mu nan in mace ta sauke tuwo, cokali take sawa ta ɗebi garwashi a kasko, ta kai ɗaki ta zuba turaren wuta, ta turara jikinta da kayanta da shimfiɗarta kafin maigida ya shigo. Tun kakanninmu haka ake. Matar da ɗakinta ba ya ƙamshi, a garin nan me za a ce da ita? Da garwashin nan ake cika dutsen guga. Da shi ake ɗumama wa mai jego ɗaki. Maƙwabciya ta aiko ɗiban wuta, a ce mata babu, sai toka? A da in babu sai a sayi gawayi. Yanzu ina gawayin? Duwatsun nan da kike raina wa abu biyu suke ba mu, abinci da garwashi. Naki ɗaya yake bayarwa."

Tana magana ina ganin cikin murhun a idona. Iskar da na yi ta ƙarawa ita ce take cinye garwashin. In aka yi wa ƙofar iskar marfi na laka, aka toshe ta da zarar abinci ya kusa nuna, wutar za ta lafa, itacen da ya rage ya tsaya ja bai zama toka ba. Sai a ɗan sauke bakin ƙofar yadda cokali zai shiga ya kwaso. Marfin nan ne da kuke ce wa ɗan banza, wanda kullum sai na mayar da ku kun sake shi saboda bai zauna daidai ba. A ranar kuwa ban san ko zai yi ba, ban taɓa gwadawa ba.

Na ce, "Hajiya, in na yi wanda zai bar garwashi, za a hura shi?"

"Wa ke son hayaƙi a ido? Kina tsammani daɗi muke ji?"

"To bishiyar fa? Ɗanyen murhun ba zai bushe ba sai a inuwarta. In aka sare ta yau ba ni da inda zan gwada."

Ta ɗauki carbinta tana ja. A waje an daina wasa gatarin, na ji Alhaji Musa yana cewa a janye yara daga layin. Sai ta ajiye carbin a kan darduma.

"Kasko ɗaya," ta ce. "Ki kawo mini jan garwashi cike da kasko ɗaya daga cikin murhunki, bayan tuwo ya nuna, in zuba turarena in ji ya kama. Kafin nan ba mai taɓa ta, ko da kara za mu yi girki. Tashi maza, tunda yau kin yi baki, ki ce wa Musa in ji ni a ba mai gatarin nan ruwa ya sha ya tafi."